Tabarmar Kaba da Dardumar Iran: Yardar Mai Yunwa Yarda Ce?



A Masallacin Sheikh Zayed da ke Abu Dhabi akwai darduma guda wadda ta haura murabba'in mita 5,000. Ba inji ya yi ta ba. Masaƙa sama da 1,000 ne daga Iran suka ƙulla ta da hannu, da zaren gashin tumaki: a ƙulla, a yanke, a danne, a sake ƙullawa. Ƙaramar darduma irin wannan ta Tabriz ko Kashan takan ci watanni, shi ya sa mai kuɗi ke biya ba musu. Wai aikin hannu ne.

To mu ma nan Birnin Kudu da Gwaram muna da aikin hannu, tabarmar kaba. Sai an yanko kabar goriba, a shanya, a tsaga, a rina, a saƙa, sannan a ɗinke. Kwanaki ake yi. Amma ranar kasuwa sai ka ga Alhaji, wanda bai taɓa neman ragi a kantin kafet ba, ya tsaya a kan tsohuwa yana taya tabarmarta rabin kuɗi. Ta ce albarka, ya juya kamar zai tafi. Ya san yamma ta yi, ya san sai ta sayar za ta auni dawa. Ta kira shi: "Dawo ɗan nan, kawo."

In ka yi masa magana sai ya ce ai ta yarda.

Gaskiya ne, ciniki halal ne, neman ragi ma ba laifi, kuma aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta gina kasuwanci a kan yardar juna. Ban ce cinikin ya ɓaci ba. Tambayata ita ce, wa ya sallama, ita ko yunwa? Malaman fiƙihu sun yi magana a kan cinikin wanda ya matsu, da yawansu sun ƙi a ci gajiyar matsuwarsa ko da cinikin ya ƙullu. A Suratu Hud, cikin abin da Annabi Shu'aibu (AS) ya hana mutanen Madyana har da tauye wa mutane kayansu. Mu mun ɗauka mudu da sikeli kawai ake tauyewa. Ni a ganina kushe kaya da baki don farashi ya faɗi, alhali ka san mai kyau ne, ɗan uwan wancan ne.

Kuma wace tabarma ce muke rainawa? Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana Maimuna (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana sallah a kan 'yar tabarma, irin wadda ake saƙawa da ganyen dabino. Umar (RA) ya ga shatin tabarma a jikinsa har ya yi kuka.

Wani zai ce ta roba ta fi arha. Haka ne, kuma mai ƙaramin ƙarfi ya sayi ta roba ba komai. Da mai hali nake. Kafin ka taya, tambaye ta kwana nawa ta yi tana saƙa, ka raba kuɗin da ka yi niyyar bayarwa da kwanakin, ka ga ko abin da ya fito zai sayi mudun gero.