Hawayen iyaye a kan ɗiyarsu da maƙamin yarda

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ƴan'uwa, akwai tambayar da iyayen da suka binne ɗiyarsu babba kan ɗauka a zuci, kunya ta hana su kai ta gaban muƙaddami: an yi sadakar uku, an yi ta arba'in, shekara ta kewayo, amma har yanzu in an ambaci sunanta hawaye na zubowa. Shin wanda haka ta same shi ya faɗo daga maƙamin yarda ke nan?

Masu ganin haka suna da abin kafa hujja. An ruwaito cewa Fudailu ɗan Iyadu, Allah Ya ƙara masa yarda, mutumin da ba a saba ganin dariyarsa ba, ya yi murmushi ranar da ɗansa Aliyu ya rasu, don ya so abin da Allah Ya so. Hali ne na gaskiya, kuma ba mu isa mu taɓa shi ba. Sai dai Fudailu ba shi ne ma'auni ba.

Ma'auni shi ne Manzon Allah (SAW), wanda ya rasa ɗiyansa mata uku, dukansu matan aure. Nana Ruƙayya ta rasu a shekara ta 2 bayan hijira yana Badar, albishirin nasara ya iso Madina ana cikin rufe ta. Nana Zainabu ta bi a shekara ta 8. Shi ya gaya wa Ummu Aɗiyya da sauran mata yadda za su wanke ta da ruwan magarya, su sa kafur a wankin ƙarshe, sannan ya miƙa musu gyautonsa a sa mata a jiki. A shekara ta 9 aka binne Nana Ummu Kulsum, Anas ya gan shi zaune bakin kabarin, idanunsa na zubar da hawaye. Wa ya kai shi yarda da Ubangijinsa? Abin da malamai suka fahimta shi ne zuciyar Fudailu ta cika da yarda har ba ta bar wa kuka wuri ba, ta Manzon Allah kuwa ta yalwata, ta ɗauki yarda da tausayi gaba ɗaya. Abin da shari'a ta hana sananne ne: kururuwa, marin fuska, keta tufafi, da furta abin da zai fusata Ubangiji.

A nan ne al'adarmu ke ɗora wa iyaye nauyin da addini bai ɗora musu ba. Idan ɗiyar fari ce, uwa ta yi shekara 25 ko 30 tana kara, ba ta kiran sunanta a gaban mutane. Ranar da ta rasu ma ana son uwar ta ci gaba da karar, ta zauna tana amsa gaisuwa kamar ɗiyar maƙwabta aka rasa. Masu ta'aziyya su ce a yi haƙuri, su watse, daga nan kowa ya riƙa kauce wa sunan. Ni a ganina wannan shirun ya fi cutar da uwa bisa ambaton. Haƙuri ba mantuwa ba ne. Manzon Allah ya ci gaba da ambaton Nana Hadiza shekaru bayan rasuwarta, yana yanka akuya ya aika wa ƙawayenta.

Akwai kuma wani ɗaci da ba a cika faɗa ba. Iyaye sun sa rai ita ce za ta tsaya musu da addu'a bayan sun kwanta dama, sai lamarin ya juye. To aikin da suka yi tsammani daga gare ta ya dawo hannunsu: su nema mata gafara bayan wazifa, su yi mata sadaka, su biya bashin da ta bari. Idan wurin haihuwa ta rasu, kamar yadda yake yawan faruwa a garuruwanmu, hadisi ya lissafa ta cikin shahidai, kuma ya kamata uwar ta ji wannan daga bakin malami. Idan ta bar ɗiya, a tuna Umama ɗiyar Nana Zainabu, wadda kakanta (SAW) ke ɗauka yana salla, in zai yi sujada ya ajiye ta. A bar jikoki su zo gidan kakanni, a gaya musu yadda uwarsu take, a kira ta da sunanta a gabansu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sanyaya zukatan iyayensu, albarkacin Annabi (SAW).