Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Ranar da na kwafi saitin Nobru, na kwanta da tabbacin cewa gobe babu mai tsaya mini a fadarmu. Ga wanda bai san shi ba, Nobru ɗan ƙasar Barazil ne. Shi da ƙungiyarsa ta Corinthians suka ɗauki kofin duniya na Free Fire a birnin Riyo a 2019, shi ne kuma aka zaɓa gwarzon gasar. Na samu wani bidiyo a YouTube da ya ce ga lambobinsa: saurin juyawar kamara, na jan ɗigo, na madubi mai ninki 2 da mai ninki 4, har da inda yake ajiye maɓallin harbi. Na kashe jaka guda a kan intanet ina tsayar da bidiyon ina kwafa.

Washegari bayan isha'i, shayi na bisa wuta, muka shiga wasa. Sau shida aka kashe ni kafin a zuba na biyu. Da na ja yatsa sai bindiga ta kalli sama kamar ta mai harbin kurciya. Ƙanen abokina, yaron da ke kwaleji, ya dube ni ya ce: "Yaya, har da wayar Nobru ka samo, ko lambobin kawai?"

Tambayar yaron nan ce ta sa ni wannan rubutu. In ka ari saitin gwani, mi ka ara?

Da farko mu kau da zancen sata. Kamfanonin da kansu suka buɗe ƙofar. A wasan Valorant na kwamfuta, tun 2022 ɗan gicciyen nan na tsakiyar allo da ake auna abokin gaba da shi yana da lambar sirri da za ka kwafa ka liƙa, launinsa da kaurinsa su zama irin na wanda kake so. Counter-Strike ma haka. Gwanayen suna raba nasu kyauta. Wannan ya yi nisa da mai saka manhajar maguɗi da ke yi mashi saiti, domin shi ya cuci duk wanda ke cikin wasan. Mai kwafar saiti bai ɗauki haƙƙin kowa ba.

Koyi kuma shi ne ƙofar kowace sana'a. Mu duka mun fara da bin rubutun malam a kan allo. Yaron tela yana shekara yana yanka yadda ya ga maigidansa na yi kafin a bar shi ya taɓa shaddar mutane. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Sabon ɗan wasa da ya fara da saitin gwani ya huta da dogon lalube.

To ina matsalar? Lambar da ka kwafa amsa ce ga tambayar wani. Ku dubi s1mple, ɗan Yukiren da ya ci babbar gasar Counter-Strike ta Stockholm a 2021 tare da ƙungiyar NAVI. An san shi da saurin 3.09, amma a kan linzamin kwamfuta mai DPI 400. Wanda linzaminsa ke kan 1600, in ya rubuta 3.09 ɗin nan, kamararsa za ta ninka ta s1mple gudu sau huɗu. Lamba ɗaya, aiki daban. Haka abin yake a waya: faɗin allo, santsin gilashi, girman yatsa, ƙarfin rezo. Tawa wayar tana ɗaukar zafi bayan rabin awa, allonta ya tsage a kusurwa. Wani abin dariya, TenZ na Kanada, wanda dubban mutane ke kwafar gicciyensa a Valorant, ya yi suna wajen yawan canza shi. Kafin ka gama liƙa na jiya ya koma wani, kuma yana ci da kowane. Gwanintar tana cikin hannun da ya shekara da shekaru yana atisaye, ita kuwa ba ta da lambar kwafa.

Abin da ya fi damuna na gano shi ne a kaina. Bayan daren nan ban koma atisaye ba. Na ce bidiyon ƙarya ne, na nemi wani. Wata guda cur ina canza lambobi, duk faɗuwa na ɗora wa saiti. Gaskiyar kuwa mai sauƙi ce: ina fita fili babu mafaka, ina gudu in bar abokaina. Saitin aro ya zama mini wurin ɓuya daga laifina. A nan ne na ga cutar take, kuma ni kaɗai ta cuta.

Ƴan uwa ɗalibai, mun san irin wannan a wajen wasa. Jarrabawa na matsowa sai mu yi layi wajen mai fotokofi da littafin wanda ya fi kowa a aji. Babu laifi, ni ma na yi. Sai dai shi ya taƙaita darasin daidai da abin da ya riga ya gane, ya tsallake abin da bai ba shi wuya ba, wataƙila kuma nan ne kai ka kafe. Ka riƙe takardunsa, zuciya ta kwanta kamar ka yi karatun. Ranar da malam ya juya tambaya, bindiga ta kalli sama.

Ni dai ga ma'aunin da na tsayar wa kaina. In na ari abu, sai na iya faɗin dalilin da mai shi ya yi shi haka, kuma sai na yarda in canza shi in bai dace da ni ba. In na kasa biyun nan, ado nake yi da shi kawai.

Daga baya na shiga filin atisaye na Free Fire, ina rage saurin kaɗan-kaɗan har yatsana ya daina wuce kan mutum. Daga cikin abin da na kwafa, wurin maɓallin harbi kaɗai na bari, don ya yi mini daidai. Har yau yaron nan yana cin ni a mafi yawan dare. Amma yanzu in na faɗi na san inda na yi kuskure, washegari kuma nan nake gyarawa.