Jemage, ma'aikacin dare, da abin da muridi zai koya daga gare shi

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, daga cikin ladubban hanya akwai barin raina halitta, domin mai raina abin da aka ƙera ya taɓa Wanda Ya ƙera shi. Jemage yana cikin halittun da aka fi rainawa. Ana ƙyamar warinsa, ana camfa shi, yara suna harbinsa da danƙo, wani lokaci har a sare itacen da yake kwana a kai. Alhali kuwa aya ta 38 a Suratul An'am ta nuna cewa dabbobi da masu tashi da fukafukai al'ummomi ne kamar ƴan Adam, aya ta 44 a Suratul Isra'i kuma ta tabbatar da cewa kowane abu yana tasbihi ga Allah, ko da mutane ba su fahimta. Tafsirin Jalalaini ya ambaci cewa jemage ne tsuntsun da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya siffanta da laka ya tashi da izinin Allah. Imam Baihaƙi kuma ya ruwaito daga sahabi Abdullahi ɗan Amru, Allah Ya yarda da shi, hani ga kashe jemage da kwaɗo.

To, mene ne aikin wannan bawa? Furen kuka fari ne, yana buɗewa da almuru, kuma ba ya wuce kwana ɗaya. Jemage ne ke zuwa shan ruwan zaƙinsa, garin furen ya manne a gashinsa, ya kai shi wani itacen, ta haka kuka take yin ƴaƴa. Haka yake yi wa ɗorawa da rimi. Ke nan daddawar da ke cikin tukunya da kukokin da suka ƙawata ƙasar Mirriya duk akwai rabon wahalarsa a ciki. Abin da ake yi masa gori da shi, wai yana kashi ta baki, ba haka ba ne: tauna ɗan itace yake yi, ya tsotse ruwan, ya tofar da tuƙa da iri. Ƙananan iri kuwa yakan haɗiye, ya zubar da su nesa. Masu bincike a Akara ta ƙasar Gana sun gano cewa babban jemage mai ruwan ɗorawa yana iya kai iri nisan kilomita 75. Ƙananan jemagu su kuma kwari suke ci, har da sauro da kwarin da ke ɓarna a gonaki.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun san darajar itace, tun da da hannunsu suka mayar da kore ga gonakinsu ta hanyar sassaben zamani daga shekarun 1980. Wanda ya san haka bai kamata ya kori mai baza iri ba tare da lada ba. Kuma ɓarnar tana da wuyar gyara, domin yawanci jemage ɗa ɗaya yake haifa a shekara, uwar tana shayar da shi nono. Garken da aka hallaka a yini ɗaya sai ya ɗauki shekaru bai dawo ba.

A nan ne muridi zai tsaya ya yi tunani. A lokacin da ƴan'uwa ke zama don wazifa bayan magariba, a lokacin jemage yake fita aikinsa. Babu mai ganinsa, babu mai gode masa, da safe sai a tarar da amfanin. Wannan ita ce siffar ikhlasi da shehunnai suke tarbiyya a kai: aiki a ɓoye, tsayuwar dare, da rashin jiran yabo. Sau da yawa Allah Yana ɓoye alheri a cikin wanda idanu suka raina, ko a cikin dabbobi ko a cikin mutane.

Saboda haka ya dace muƙaddamai da malaman allo su hana almajirai harbin jemagu, a kuma bar manyan itatuwan da ke harabar zawiya da masallaci da maƙabarta. Idan jemagu sun shiga rufin ɗaki, a jira sai sun fita da dare a toshe ƙofar ramin, ban da lokacin da suke da ƙananan ƴaƴa, kada a yi musu hayaƙi ko guba. Kada kuma a kama su da hannu, domin suna iya ɗauke da cuta irin ta haukan kare. Wanda jemage ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya gaggauta zuwa asibiti. Hadisi ingantacce ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, da mutumin da aka gafarta wa saboda shayar da kare. Zikirin da ya ratsa zuciya ana ganin alamarsa a tausayin mai yin sa ga raunanan halittu.

Allah Ya azurta ƴan'uwa da ladabi ga halittunSa, Ya sanya su cikin masu aiki dominSa a ɓoye da bayyane, albarkar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.