Fatawa: Shin ya halatta ɗan kasuwa ya ƙi biyan kuɗin kan iyaka?

TAMBAYA: Malam, ni falke ne a kasuwar Alhamis ta Maigatari. Kuɗin da ake karɓa a hannunmu daga kan iyaka zuwa Gumel ya yi yawa. Ɗana ya ce mutanen Amurka ma ƙin biyan harajin Ingila suka yi, har suka zubar da ganyen shayi a teku. Ya halatta mu bi hanyar daji, ko mu rushe shingayen?

AMSA: Bismillahir Rahmanir Rahim. Alhaji, Allah ya sa wa dukiyarka albarka.

Kuɗin da kake magana iri biyu ne. Wanda ake tsare ka a shinge a karɓa ba doka ba rasit, shi ne maksu, haramun ne, kuma hadisi a Sahihu Muslim ya nuna girman zunubin mai karɓarsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. In an tilasta maka ka bayar don ka tsira da kayanka, laifin yana wuyan mai karɓa.

Kuɗin fito da hukuma ta ɗora bisa doka daban ne. Imamu Shaɗibi, malaminmu na Malikiyya, ya halatta wa shugaba ɗora haraji idan baitulmali ya gaza buƙatar jama'a, da sharaɗin adalci. Sassaucin kuɗin fito a yankin ciniki na musamman na Maigatari kuwa na kayan da ke cikin yankin ne. Da zarar sun fito kasuwar gida, fito ya hau kansu. Fasa-ƙwauri ba na ba ka fatawarsa, domin yana jawo ƙarya, da cin hanci, da jefa rai da dukiya cikin halaka.

Labarin ɗanka gaskiya ne, amma bai kai maka shi ƙarshe ba. Hujjar Amurkawa ita ce ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan da ta ɗora musu harajin takardu a 1765. Ku kuna da wakilai a Dutse da Abuja. Fataken Amurka sun ƙaurace wa kayan Ingila, 'yan kasuwar Landan suka ji a jikinsu, aka soke harajin a 1766. Shayin da aka zubar a Boston a Disamba 1773, akwati 342, shi ya jawo rufe tashar jirgin ruwan garin a 1774, masu dako da ƙananan 'yan kasuwa suka rasa abinci. Kai da ka ga yadda Maigatari ta koma bayan rufe iyaka a Agusta 2019, ba sai an faɗa maka ba.

Don haka rushe shinge ko ƙona kaya haramun ne, ɓarnar dukiya ce. Ku haɗa kai da sarkin kasuwa da ƙungiyarku, ku rubuta abin da ake karɓa a kowane shinge da ranarsa, ku kai wa wakilanku da fadar Mai Martaba Sarkin Gumel. In ta kama ku dakatar da kai kaya na ɗan lokaci cikin lumana, ya halatta. Wallahu a'alam.