Ɓarna da ma'auninta

Kalmar ɓarna daga ɓata ta samo asali. Zunubi tsakanin bawa da Ubangijinsa yake, laifi kuwa gaban alƙali ake kai shi. Ita ɓarna abin da ya lalace take dubawa: geron da shanu suka cinye, gadon da magaji ya watsar, yaron da ya tashi ba tarbiyya.

Amma kalma ɗaya ba ta mayar da hasara ɗaya ba. A Toda, cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a shekarar 1991. Damin hatsi akan ƙiyasta shi a biya, gona ta sake tsiro da damina. Wanda ya rama ɓarnar gona da jini, ya yi wadda ba ta gyaruwa.