Ɓeran Laka da Ƙaryar Gizo

Wata gardama ta shigo mana zango 'yan shekarun nan, kuma ba ta da alamar fita. Yaro ya samu laka ya mulmula ɓera ko saniya, sai wani babba ya ce a rushe, sura ce. Tsohuwa ta ce "ga ta nan ga ta nanku", sai a ce ana koya wa yara ƙarya. Masu faɗin haka ba mutanen banza ba ne, tsoron Allah ne ya sa su magana. Don haka hujja ta kamace su, ba dariya ba.

Mu da muka tashi a Azare da garuruwan ƙasar Katagum, su Chinade da Madara da Bulkachuwa, mun san wasan nan tun ba mu san wando ba. Ƙasarmu yashi ya fi yawa, laka mai danƙo sai an je bakin kududdufin da aka haƙi ƙasar gini. Da kaka, ruwa ya fara janyewa, sai yara su ɗebo ta. A gina saniya da tozonta, a gina raƙumi, a gina doki. Ɓera kuwa na ƙananan yara ne: dunƙule ɗaya, a matse baki ya yi tsini, ƙwayar gero biyu ido ke nan, tsinke wutsiya. A shanya a inuwa, don rana tana tsattsaga shi. Da dare a jera su gaban mai tatsuniya, kowa da dabbarsa.

Batun sura ba shi da wahala sosai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW). Abu Dawuda ma ya kawo labarin dokinta mai fukafukai biyu, wanda Annabi ya gani ya tambaye ta, ta ba shi amsa da dawakan Annabi Sulaiman, ya yi dariya. Shi ya sa malamai da yawa suka cire kayan wasan yara daga hanin, wasu kuma suka sa sharaɗin kada a cika kamannin. To ɓeranmu wane kamanni gare shi? Ko Juma'a ba ya kaiwa, ƙane ya take shi.

Na ƙarya shi ne mai nauyi. Mene ne ƙarya? Ka faɗi abin da ba haka yake ba, kana so a gaskata ka. Tatsuniya kuwa tun daga bakin ƙofa take sallama, sai masu sauraro sun ce "ta zo mu ji ta" kafin ta shigo. In ta ƙare a ce "ƙurunƙus kan ɗan ɓera", har mai bayarwa ya ɗora laifin ƙaryar a kan Gizo. Wato an fille kan zancen a gaban kowa, kada wani ya tafi da shi kasuwa. Maƙaryaci ba ya haka. Kuma yaron da ya gina ɓeran nan da hannunsa, ya sa masa murya, ya fi kowa sanin cewa shi ke magana, ba laka ba. A ganinmu nan ne yaro ke fara rarrabe abin da aka ƙaga da abin da ya faru.

Akwai dai abin da ba za mu share ba. Gizo macuci ne, kuma sau da yawa yana cin bulus. Ɓera ma ɓarawon rumbu ne, ga zazzaɓin Lassa da yake yaɗawa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, Jihar Bauchi kuma tana cikin waɗanda take addaba duk rani. Uwar da ba ta son ɗanta ya ɗauki ɓera aboki, ko ya riƙa tafa wa Gizo, tana da gaskiyarta. Sai dai a dandalin tatsuniya yaro ba shi kaɗai yake ba. In ya ce, "Iya, me ya sa Gizo bai sha duka ba?" akwai mai ba shi amsa. Gara ya fara gamuwa da ɗan damfara a cinyar kakarsa da ya gamu da shi a tasha.

Abin da ke ba mu mamaki, gidajen da aka hana laka, a nan ake miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Bidiyon da ke ciki, wani ma inji ne ya haɗa fuska da murya, ba ya cewa "ga ta nan", ba ya cewa "ƙurunƙus", yaron kuma bai ga wanda ya gina shi ba balle ya tambaye shi.

A nan zango siminti ya cinye tsakar gida, kududdufi babu, kakanni suna can gida. Amma laka ba ta gagara ba, masu ginin tukwane suna sayarwa. In kuma an kai yara Azare hutun ƙarshen shekara, lokacin bakin kududdufi bai gama bushewa ba.