Waƙar Baƙin Ciki: Nadama Ce Ko Tuba?

Karatu: 2 Korintiyawa 7:8-11

Ya ɗan'uwa mai sauraro, wataƙila ka taɓa jin muryar Jim Reeves ko Don Williams a rediyo da dare, ko a kaset cikin motar haya. Ko ba ka jin Turanci, zuciyarka ta gane abin da ake faɗa. Irin waɗannan waƙoƙi na country sun fito ne daga karkarar kudancin Amurka, wurin manoma da talakawa. Yawancinsu maganar kewar gida ce, da auren da ya mutu, da giya, da kurkuku, da da-na-sani. To, ga tambayarmu ta yau: wanda ya raira baƙin cikin zunubinsa da dukan zuciya, ya tuba ke nan?

Mu dubi mawaƙa biyu. Hank Williams ɗan jihar Alabama ne. Ya yi waƙoƙin kaɗaici da suka sa dubbai hawaye, har da waƙar bishara mai suna "I Saw the Light". Amma giya da magungunan ciwon baya sun ɗaure shi. Ran 1 ga Janairu 1953 ya rasu a kujerar bayan mota, a hanyar zuwa wasa, yana da shekara 29. Ba mu shar'anta shi ba, gama Allah kaɗai ya san zuciya. Sai dai rayuwarsa ta nuna mana mutum yana iya faɗin ciwonsa sarai, bai kuwa warke ba.

Johnny Cash kuma ya tashi a gonar auduga a Arkansas. Yana ɗan shekara 12 wansa ya mutu a hatsarin injin yanka katako, a 1944. Da ya yi suna, sai ƙwayoyi suka kama shi. A 1968 ya shiga kurkukun Folsom a Kalifoniya, ya yi wa fursunoni waƙa kamar ɗaya daga cikinsu. A shekarar nan ya auri June Carter, wadda ta tsaya masa wajen yaƙi da ƙwaya. Ya sāke faɗuwa, har ya kwanta a gidan jinya a 1983, amma bai ɓoye ba, bai kuma daina neman Ubangiji ba. A 2002 ya ɗauki waƙar rock mai suna "Hurt", ya raira ta da muryar tsohon da ke duba barnar da ya yi. Ya rasu a 2003.

Ga darasin. Waƙar baƙin ciki ba mugun abu ba ce, Zabura ma cike take da kuka. Waƙa takan faɗi gaskiyar da muke jin kunyar faɗi. Amma hawaye yana da daɗi irin nasa, mutum ya yi kuka, ya ji sauƙi, gobe ya koma gidan jiya. Yahuza ya yi nadama, Bitrus ma ya yi kuka mai zafi. Bitrus ne ya komo wurin Yesu.

Idan waƙa ta taɓa ka yau, kada ka tsaya ga hawaye. Wa ka ɓata wa rai? Tashi ka je wurinsa.

Addu'a: Ya Uba, kada ka bar baƙin cikina ya ƙare a kunne. Ka mai da shi tuba ta gaskiya, cikin sunan Yesu. Amin.